Yadda Zaka Karanta Sharhin Masu Karatu a Nobel ɗin China Kafin Ka Zuba Kuɗinka da Zuciyarka

Wani dare wajen ƙarfe biyu an ɗauke wuta, cajin wayata saura kashi 9, ina kwance ina bin wani labarin China na masu neman dawwama ɗin nan da suke cewa xianxia. Babi sama da 400 ina tare da wani tsoho malamin jarumin, mashayi ne mai baƙar magana amma duk wanda ya karanta sai ya so shi, kawai marubucin ya tashi ya kashe shi cikin layi uku. Layi uku wallahi. Na danna 'yar alamar sharhin da ke gefen layin don in ga ko ni kaɗai abin ya daka, sai na tarar da mutane cike, wannan na tambayar adireshin marubucin zai aika masa reza, wancan ya rubuta kalma ɗaya tak ya bar wajen, wani kuma yana ta lissafo alamomin da aka ajiye tun babi na 90 cewa tsohon ba zai kai ƙarshe ba. Na fi awa ɗaya a wajen har wayar ta mutu a hannuna, ban koma kan labarin ba.

Tun ranar na gane cewa a nobel ɗin intanet na China sharhin masu karatu wani ɓangare ne na littafin, kuma wanda ya iya karanta shi ya huta da asarar data da kuɗi da ciwon rai. Ga yadda nake yi.

Da farko ka san unguwar da ka shiga

Masu karatun China ba tukunya ɗaya ba ne. Kasuwar a rabe take gida biyu, nanpin ɓangaren maza da nüpin ɓangaren mata, kuma abin da zai sa a yi wa marubuci tafi a nan shi zai sa a yi masa ca a can. Dandalin Qidian da aka buɗe a 2002 shi ne babban gidan labaran maza, faɗa da hawa matakin ƙarfi da ɗaukar fansa. Jinjiang da ya zo a 2003 galibi mata ne ke rubutu mata ke karatu, soyayya ce ta fi yawa. Sai Fanqie na kamfanin ByteDance, wanda karatu kyauta ne talla ke biyan kuɗin, su masu karatun can haƙurinsu gajere ne don ba su zuba komai ba, babi uku bai kama su ba sun wuce.

Mu kuma da yawanmu ta fassarar Turanci muke shigowa, Webnovel na kamfanin da ke da Qidian wanda ya fara a 2017, ko Wuxiaworld da aka kafa a ƙarshen 2014. Zan dawo kan wannan don akwai tarko a ciki.

Na biyu, ka gane me ya sa muryar mai karatu take da nauyi

Kuɗi ne, ba wani abu ba. A 2003 Qidian ya kawo tsarin biya babi babi, farkon littafi kyauta ne, idan ya kai wani mataki sai a rufe sauran, abin da suke kira shangjia wato hawa kantar shago. Daga nan kowane babi sai ka biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, 'yan sulalla kan kowane harafi dubu, ana raba kuɗin tsakanin marubuci da dandali. Toh ka duba, marubucin nan yana sakin harafi dubu huɗu ko fiye kullum ta Allah, littafin bai gama rubuta shi ba, yau ya rubuta yau aka karanta, gobe da safe zai ga mutum nawa suka sayi babin jiya. Idan ya ɓata wa mutane rai a babi na 300, babi na 301 cinikin zai faɗi a gabansa yana kallo.

Bayan sayen babi akwai yuepiao, ƙuri'ar wata da masu biya ke jefa wa littafin da suke so don ya hau jadawali, ƙarshen wata zaka ga marubuta suna roƙonta kamar 'yan takarar kansila. Akwai kuma dashang, kyautar kuɗi. A Qidian wanda kyautarsa ta kai kuɗin China yuan 1,000 a littafi ɗaya ana ba shi sarautar mengzhu, shugaban ƙawance, kuma al'ada ce marubuci ya ƙara babi don girmama shi. A Jinjiang kyautar ma sunan makamai gare ta, ƙaramar ita ce nakiya ta yuan 1, babbar ita ce bam ɗin ƙarƙashin teku na yuan 100. Saboda haka in ka ga an rubuta "na jefa wa marubuciya nakiya" kar hankalinka ya tashi, so ne.

Na uku, ka haddace kalmomin, nan ne aikin yake

In kana buɗe shafin China kana fassarawa da burauza zaka ga abubuwan da zasu sa ka ɗauka wayarka ta samu matsala, rami, guba, reza, bābā, ruwa, abincin kwali. Duk suna da ma'ana.

Tushen komai shi ne shuang. Daɗin nan ne da ke ratsa ka idan wanda aka daɗe ana rainawa ya tashi ya nuna wa kowa iyakarsa. Yawancin labaran maza a kan shi aka gina su, a wulaƙanta jarumi, a tara haushi, sannan a zo dalian, marin fuska, inda ɗan mai kuɗin da ya yi cika baki zai ji kunya a bainar jama'a. Mai karatu zai jure wulaƙancin muddin ya tabbata ramuwa na tafe, amma in aka ja abin babi 30 babu ramuwa zaka ga sharhi ya fara tsami.

Kishiyarsa shi ne dudian, ɗigon guba, wato abu guda da zai sa mutum ya ajiye littafi komai daɗinsa. Kowa da gubarsa amma akwai waɗanda kusan duk ɓangaren maza sun haɗu a kansu. Babba ita ce koriyar hula, don a China in aka ce mutum ya sa koriyar hula ana nufin matarsa ta ci amanarsa, toh duk marubucin da ya bari matar da jarumi ke so ta faɗa hannun wani, ya shirya. Ta biyu shengmu, uwa mai tsarki, zagi ne ga jarumin da ke yafe wa maƙiyin da kowa ya san zai dawo ya kashe masa mutane. Ni wannan ta ɗan ba ni mamaki da farko, don mu an raine mu a kan labarin da mai haƙuri ke dafa dutse ya sha romo, su kuwa so suke a cire ciyawa har saiwarta. Ta uku jiangzhi, rage wayo, inda mutumin da aka nuna mana gwani ne tun farko zai yi wata wauta ta yara don kawai marubuci na son labari ya juya wani gefe. Wannan kam ina tare da su ɗari bisa ɗari, ba abin da ke ƙona min rai irinta.

A ɓangaren mata kalmomin daban ne kuma sun fi yaji. Zhanan shi ne namijin banza maci amana. Bailianhua, farar furen bado, ita ce mai nuna ita salaha ce alhali makira ce, lücha koren shayi kuma 'yar uwarta ce, mai sanyin murya a gaban namiji tana haƙa wa jaruma rami ta ƙasa. Duk wanda ya san labaran kishiya na gida ya san su ba sai an gabatar ba. Akwai wani salo guda da sunansa kaɗai ya isa dariya, zhuiqi huozangchang, wato bin mata har gidan ƙona gawa, miji ya wulaƙanta matarsa rabin littafi, ta tafi, sauran rabin yana biko yana cin ƙasa. A irin wannan sharhi gida biyu yake rabuwa kullum, masu cewa ya sha wuya ya isa a yafe masa, da masu cewa wutar bata yi zafi ba a canza miji kawai a ba ta na biyun nan mai hankali.

Sai sukari da wuƙa. Idan masoya suka samu daɗi an raba sukari kenan, idan aka raba su ko aka kashe wani an raba wuƙa. Wanda ya mutu a labari cewa ake ya karɓi abincin kwalinsa, daga harkar fim aka aro, ɗan wasa in an gama da shi sai ya karɓi abincinsa ya tafi gida. HE da BE kuma da zaka yi ta gani da haruffan boko, ƙarshe mai daɗi ne da ƙarshe mai ɗaci.

Na littafin kansa guda huɗu ne kar ka manta su. Shui, ruwa, marubuci yana tsinka kunu don ya cika adadin haruffan ranar, faɗa ɗaya babi 12 'yan kallo suna ta mamaki. Keng, rami, littafin da aka fara ba a gama ba, ka faɗa ciki kana jira. Lanwei, ruɓaɓɓiyar jela, an gama amma ƙarshen shirme. Taijian kuma bābān fada, irin bayin da ake dandaƙewa a fadar sarakunan China na da, ana faɗa wa littafin da aka yanke shi a tsakiya, barkwancin shi ne ƙasa babu komai.

Na huɗu, kafin ka fara kowane littafi ka share nakiya

Haka suke kiran abin, pailei. A Jinjiang marubuta da yawa su da kansu suke jera gargaɗi a bayanin littafi, ƙarshe mai ɗaci ne, jarumin yana da tsohuwar budurwa, kaza da kaza, wanda ba zai iya ba ya juya tun daga ƙofa. In marubuciya ta ɓoye wani babban abu bata faɗa ba sai an biya kuɗi an tarar, nan ake yin rigima ta gaske, don a can kowane sharhi yana tafe da maki daga 2 zuwa ƙasa da sifili da 2, zaka ga an jera mata na ƙasan kamar ruwan sama.

Ni ga yadda nake nawa binciken, minti goma ya isa. Ina fara duba ko littafin ya ƙare, in bai ƙare ba yaushe aka saki babin ƙarshe, in ya haura wata ɗaya shiru babu sanarwa toh rami ne na wuce. Daga nan ba na tsayawa a sharhin babin farko don can kowa murna yake, amarya ce ko ta buzuzu. Ina tsallakawa inda aka fara biyan kuɗi, in ga me mutane ke cewa babi goma bayan nan, don marubuta da yawa suna zuba duk ƙarfinsu kafin hawa kanta daga baya a fara tsinka kunu. Sai in leƙa tsakiya, misali littafi mai babi 1,500 in duba wajen 700, in kalmar ruwa ta yi yawa na san me ke jirana. Na ƙarshe in leƙa sharhin babin ƙarshe da ido ɗaya, ba karantawa nake ba, yanayin kawai nake dubawa, godiya ake da bankwana ko zagi.

Ido ɗaya na ce fa, don masu tona labari, jutou, suna nan ko'ina kuma wasunsu da gangan suke yi. An taɓa faɗa min wanda ya ci amanar jarumi tun ina babi na 20, sauran babi 600 na karanta su ina hararar mutumin duk sanda ya yi murmushi.

Wannan dabarar da tsada na koye ta. Na taɓa zuba kuɗin da ya kai na datar wata biyu a wani dandali ina buɗe babi bayan babi, ban taɓa leƙa gaba ba don kar a ɓata min, ashe marubucin ya daɗe da ajiye alƙalami, labarin ya tsaya jarumin na tsaye a bakin ƙofar maƙiyinsa da takobi a hannu. Har yau yana can tsaye. Da na leƙa sharhin ƙarshe na minti ɗaya da na ga kalmar bābā an jera ta.

Na biyar, ka bambance kukan so da kukan sallama

Nan sababbi suke ruɗewa. Zaka buɗe babi ka ga kowa na ihu zai aika reza, ji daopian kenan, ka ce toh littafin ya lalace. Ba haka ba ne. Mai cewa zai aika reza yana nan daram, gobe shi zai fara sayen babi, marubucin ya taɓa masa zuciya ne kuma abin da ya biya kuɗi a yi masa kenan. Haka masu cuigeng, masu matsa lamba a ƙara babi, duk zaginsu na yunwa ne.

Wanda ake tsoro shi ne gajeren sharhi mai sanyi, "na ajiye", "mu haɗu a wani littafin", ko wanda zai zauna ya jero hujja cewa halin da aka gina wa jaruma ya rushe, abin da suke cewa renshe beng, a babi na 50 ta ce kaza yanzu ta yi akasinsa babu dalili. In irin waɗannan suka yi yawa zaka ga marubuci ya fito da babi na musamman wanda ba labari a ciki, yana bayani ko ba da haƙuri, wani lokacin har ya goge babin ya sake rubutawa. In ka ci karo da irin wannan a tsakiyar littafi ka koma baya babi biyar ka karanta sharhin, nan aka yi yaƙin.

Ni dai ra'ayina, marubucin da ke juya labari duk sanda aka yi masa ihu littafinsa ba ya ƙarko, don masu ihu ba su ne duka masu karatu ba, kuma abin da suke roƙo yau in aka ba su gobe su zasu ce labarin ya zama lami. Tsohon malamin nan da aka kashe min, da an dawo da shi don mun yi kuka da duk abin da ya biyo baya ya zube.

In kana son ganin iyakar inda son ɗan cikin labari ke kai mutane, akwai Daomu Biji na Nanpai Sanshu, labarin masu haƙa kaburburan da. A ciki wani mai suna Zhang Qiling ya shige wata ƙofar tagulla a dutsen Changbai da alƙawarin shekara goma, lissafin ya faɗa kan 17 ga Agusta 2015. Ranar masu karatu suka yi tururuwa zuwa dutsen na gaske, can lardin Jilin kan iyaka da Koriya ta Arewa, wai sun je tarbo shi gida. Mutumin da babu shi sai a takarda.

Na shida, in zaka sa baki

Tun wajen 2017 Qidian ya kawo sharhi kan kowane sakin layi, benzhangshuo, shi ya sa zaka ga 'yar lamba a ƙarshen layi, kuma akwai masu cewa saboda shi suke biyan kuɗi maimakon karanta na sata, don a shafin sata labari ne tsirara babu abokan hira. In zaka rubuta, ka rubuta a kan layin da ya taɓa ka ba can ƙasa ba. Ka faɗi abu takamaimai, "ya manta yana da maganin da ya samo a kogo" ya fi "jarumin nan wawa ne" amfani sau goma. In karatu na biyu kake ka rufe bakinka kan abin da ke gaba, ko ka sa gargaɗi a sama. Ka zagi mugun da ke cikin labarin son ranka amma ka bar marubuci da iyalinsa. Kuma kar ka shiga faɗan masu haɗa aure, wato masu goyon wannan da wannan su dace, sai in kana da cajin waya da lokacin ɓatawa, ba a gama shi.

Mai karatu shiru bai cewa komai ma akwai sunansa a Jinjiang, bawang, kamar wanda ya ci abinci ya tashi bai biya ba. Duk wanda ya zauna a gurup ɗin nobel na Hausa a WhatsApp ya san wannan ƙorafin, marubuciya ta ce in ba a yi sharhi ba ta daina taifin.

Tarkon fassara da na ce zan dawo kansa

In a Turanci kake karatu, sau da yawa littafin ya yi shekara biyu ko biyar da gamawa a China. Ihunka ba zai canza komai ba, mai fassara ne kaɗai zai gani, shi kuma ba shi ya kashe tsohon ba, kar ka sauke masa. Sannan ƙorafin masu karatun waje daban yake da na 'yan gida. Mu da muke haɗiye babi 80 a dare ɗaya sai mu ga ana ta maimaita abu, kowane gari da ɗan sarkinsa mai girman kai, kowane babi sai an tuna mana matakin ƙarfin jarumi. Wanda ke karanta babi biyu a rana cikin jirgin ƙasa yana hanyar aiki, wannan maimaicin shi ke tuna masa inda aka kwana. Don haka in ka ga 'yan China sun yaba littafi ku kuma a can kuna cewa ya cika ruwa, ku duka kuna da gaskiya, cin ne ya bambanta.

Abu na ƙarshe shi ne kiwo, yangfei, ka ga sabon littafi mai kyau ka ajiye shi ya yi ƙiba tukuna kamar ragon layya sannan ka yanka gaba ɗaya. Ni ma haka nake so, amma akwai matsala, dandali yana duba mutum nawa ke bin sabon babi kullum kafin ya tallata littafi, in kowa ya ce kiwo yake sai lambobin su faɗi marubuci ya karaya ya yanke, su da kansu suna cewa an yi kiwo har dabba ta mutu. Yanzu abin da nake yi, littafin da ya riga ya yi suna ina barinsa ya tara babi 300 kafin in taɓa, ƙaramin marubuci sabon shiga kuma ina buɗe babinsa na ranar ko da ban karanta ba, in gangara har ƙasa, in ajiye masa layi ɗaya in fita.